Luka Ya Tafi Bai Ƙarasa Tambarin Ƙaninsa Ba

Da safen nan ina shirin fita aiki aka kira ni daga garin Laurel, nan Amurka, wai Luka ya yanke jiki ya faɗi a wurin gadi. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Luka maƙwabcina ne a garin Silver Spring, ƙofarmu na kallon juna. Shi ɗan Katolika ne daga kudancin Kaduna, ni Musulmi daga Zariya. Azumina na farko a ƙasar nan, shi yake ƙwanƙwasa min ƙofa da kunun gyaɗa. Ranar da naƙuda ta kama matata ina bakin aiki, shi ya kai ta asibiti.

Gadi yake yi, amma asalinsa mai zane ne.

Watan jiya aka sanar cewa ƙaninsa, wanda Fada ne a gida, zai zama bishop. Kowane bishop da tambarinsa, ƙanin kuwa ya ce ba mai zana masa sai yayansa.

Ranar Lahadi Luka ya kira ni in ga zanen. Koriyar hula mai tuntaye a sama, gicciye, sai garkuwa a tsakiya. Cikin garkuwar ya zana dutsen ƙauyensu da zangarniyar dawa, don babansu manomi ne. Gefe guda kuma ya bar shi fili, bai zana komai ba.

Na ce, "Nan fa?"

Ya ce, "Na Mama ne. Na rasa abin da zan zana ya ishe ta."

Na tambaye shi ko zai je naɗin. Takardunsa na zama a ƙasar nan kuwa ba su fito ba.

Ya ce, "Malam Sani, in na tafi ba za a bar ni in dawo ba. In na zauna kuma, da wane ido zan dubi tsohuwar nan?"

Rabuwarmu ke nan.

Ba shi da kowa a nan sai mu. Har yanzu gida ba su ji ba, ni aka ce in kira Fada. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga.

Ya Allah Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, Ka ba ƙaninsa juriya, Ka sa gawar Luka ta isa gida. Musulminmu da Kiristanmu, don Allah ku sa iyalin nan a addu'a. Ni ma ku roƙa min ƙarfin halin buga wayar nan.