Kalmar da ta Tsayar da Malamarmu

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba na jin zai kwashe ranar da muka yi wa malamarmu ta Turanci magiya. Muna ajin ƙarshe na sakandaren 'yan mata a nan Katsina. Ita 'yar Filato ce, Kirista, kuma duk makarantar babu wanda ya kai ta iya koyarwa.

A lokacin ina da rawar kai da son manyan kalmomi. Na tsinci "beseech" a ƙamus, na rasa inda zan sauke ta. Washegari birona ya ƙare, sai na miƙe na ce, "Madam, I beseech you," wai ta ara min nata. Ta yi dariya har da dafa tebur. Sannan ta bayyana mana cewa wannan ba kalmar aron biro ba ce, roƙo ne mai nauyi da mutum ke yi in abu ya kai masa wuya. Su a coci, in ji ta, Ubangiji suke roƙo da ita. "Kamar ki ce don girman Allah ne. Ki adana ta sai ranarta."

Jarrabawa na matsowa sai labari ya bazu: an yi wa mijinta canjin wurin aiki, za ta bi shi. Aji ya hargitse. Ana tashi muka ɗunguma gidanta a Ƙofar Kwaya, ko kayan makaranta ba mu cire ba. Muka tarar har an fara ɗaure kaya. 'Yan ajinmu suka tura ni gaba, duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Na durƙusa na ce, "Madam, we beseech you."

Ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta dube ni. Ta ce, "Yau kam kin ajiye kalmar a mazauninta." Ta shiga suka yi shawara da mijinta, ta fito ta ce za ta zauna har mu gama jarrabawa. Ihun da muka yi sai da maƙwabta suka leƙo, wata Hajiya tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Tun ranar na gane magana mai nauyi kamar wuƙa ce: in kana yanka komai da ita, ranar da kake buƙatarta za ka tarar ta dakushe.