Takardar da anka kawo ma Malam bayan Idi

Malam, ina kake? Tun hantsi nike kiran wayarka, a kashe. Wanda ya gan shi kasuwar Badagishiri, don Allah ya ce mai ya komo gida.

Jama'a, maigidana shi ne limamin unguwarmu nan Tsarnawa. Sallar ga, da munka ji Sakkwato sun ga wata, sai ya ja mutane Idi, alhali ma'aikatar harkokin addini ta Yamai ta ce a cika talatin. Mu haka munka taso, Sakkwato muke bi.

Yau ina cikin daka, sai ga wani bisa moto, wato babur, da takarda mai hatimi.

Ya ce, "Inna, ta liman ce. Gobe ya zo buro, ofishin hukuma na Konni."

Na ce, "Ɗana, rufe shi za a yi?"

Ya ce, "Ni dai aiko ni anka yi."

Ko ruwan da na miƙa mai bai sha ba. Mutum mai hawan jini, in an tsare shi wa zai ba shi magani?

Wanda ya taɓa samun irin takardar ga, ku gaya min, ana komowa gida ran nan?

Tsaya, ana buga ƙofa. Kuma wannan ba bugun Malam ba ne