Jirgin Kara na Malam Sule

Wata Laraba ce da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu, na dawo daga makaranta a Dingaya na tarar da kakana, Malam Sule, a gindin rumbu ya haɗa kai da gwiwa. Dariya aka yi masa a dandali. Ya sake ba da labarin samartakarsa ne, lokacin da yake zuba itace a wutar wani jirgi a kogin Binuwai, jirgin da tururi kaɗai ke turawa, ga buhunan gyaɗa maƙil a ciki, sai wani ya ce tsufa ya fara taɓa shi. Ga shi ya makance, abokan aikinsa duk sun riga mu gidan gaskiya, ba mai shaidarsa. Ko a gida, kakata Iya in ta ɗora dambu sai ta ce, "Malam, ga jirginka zai tashi." Abin ya ci mini rai, don ni kaɗai ke tsokanarsa ya yi dariya, yana ce mini amaryarsa.

Ni kuwa da ma kafiya gare ni. Kwana uku ina gudun surfe ina feƙe karan dawa ina haɗa jirgi, yadda yara maza ke yin mota, shi yana laluben aikin yana gyara mini. Na ɗaura ƙaramin gwangwani mai murfi a kai, na huda shi da ƙusa ta baya, na zuba ruwa, na sa garwashi a ƙarƙashi. Muka kai kududdufin bayan gida, yara suka taru, har da masu dariyar nan. Ruwa ya tafasa, tururi ya yi ta tsiyaya ta gefen murfi, jirgi ko gezau. Kunya ta kashe ni.

Iya ce ta ture mutane tana tsaki, da kwaɓaɓɓen garin kuka a hannunta. Ta liƙe bakin murfin tsaf, yadda take liƙe madambaci a kan tukunya. "Wa ya taɓa turara abu baki a buɗe?" in ji ta. Na ɗaura zare a jirgin na sa wa Malam a tafin hannu. Can sai gwangwani ya fara huci, jirgi ya motsa a hankali, zare yana sulalewa tsakanin yatsunsa. Hawaye suka bi gemunsa. Da ya buɗe baki, da Iya ya yi magana: "Kin gani ko, Hauwa?" Ranar na fara jin sunanta a bakinsa.

Yanzu 'ya'yana a Birnin Kudu suna kallon manyan jirage a waya, ba mai sa su rantsuwa kafin a yarda. Kududdufin an cike shi an yi gini. Amma duk ranar da na liƙe madambaci na ji murfi na rawa, sai na tsaya ina saurare. Malam bai taɓa yi mana ƙarya ba.