Yarinyar da Na Raba da Ɗakin Uwarta

Shekara arba'in ina riƙe da gidan da na gada a Ƙarfi, ba a taɓa mayar mini da magana ba. Ranar da aka yaye 'yar farin babban ɗana, ni na ce a kai ta ɗakin Hajiya, mai ɗakina, kamar yadda aka yi mana. Kunyar 'yar fari ta hana surukata kama sunan yarinyar, balle ta goya ta a gaban mutane. Yarinya ta tashi tana kiran kakarta Inna, mahaifiyarta kuwa Yaya.

Ni kuwa mijinta ne na wasa. In na dawo daga gonar auduga sai ta tare ni a zaure.

"Tsoho, ina cefanena?"

"Amarya, kin fiye ci, sakinki zan yi."

"Ni ma ba na sonka, ba ka da haƙora!"

Tana cikin shekara ta huɗu ta soma amai da sassafe, tana tangaɗi in tana tafiya. Daga asibitin Malumfashi aka tura mu babban asibiti, aka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, irin wanda ba kasafai ake gani ba. Aka yi aiki aka cire, saura a ƙone ragowarsa da hasken na'ura. Likitan ya zaunar da ni ya ce, "Baba, hasken da muke da shi ratsa kai yake ya wuce, ya taɓa lafiyayyen wuri, ƙwaƙwalwarta kuwa ba ta gama ƙosawa ba. Akwai wani da ake kira furoton, yana tsayawa daidai inda ciwon yake. Sai dai babu na'urarsa a ƙasar nan."

Wata ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyin kai ta ƙasar waje, da sharaɗin ɗan rakiya guda, uwa ko uba na haihuwa. Jinyar ƙaramar yarinya aikin mace ne, saboda haka uwar ce za ta je. Aka ce mako shida za a yi, kullum a sa ta barci, a rufe mata fuska da wani marfi don kada kai ya motsa, ta farka cikin baƙi.

Nan hankalina ya tashi. Wa za ta nema in ta farka? Na kira surukata tsakar gida, ta durƙusa nesa da ni.

"'Yar nan, ɗauki 'yarki, ki kira sunanta in ji."

"Baba, a gabanka?"

"A gabana. Ni na ɗora miki wannan, ni na sauke."

Ta kira sunan. Yarinyar ta dube ta, ta ruga ta ƙanƙame zanen Hajiya.

Kwana goma sha ɗaya suka rage mana. Na sa ta kwana ɗakin uwar, ta ci daga hannunta. Ba ranar da ba ta gudo ba. Da hantsin da motar Funtuwa ta tashi da su, har ta sha kwana ina jin ihunta: "Inna! Inna!"

Makon farko, ta wayar ɗana, aka ce in ta farka Inna take kira har muryarta ta dushe. A na uku na ga fuskarta a wayar, gashin ƙeya ya zube.

"Tsoho," ta ce a hankali, "Yaya ta iya goyo."



Na riga na yanke cewa in Allah ya dawo da ita, ɗakin uwarta za ta zauna. Ban faɗa wa Hajiya ba tukuna. Kowace safiya ina ganinta tana kakkaɓe 'yar katifar, tana shanya ta a rana.