Amaryar da Ta Ce Sai Ango Ya Gan Ta

Akwai wata Laraba, bayan babbar Sallah, da har yau na kasa mantawa da ita. Tun da kun taru kuna tambayata abin da ya fi ba ni wuya a aikin nan, to ku gyara zama. Ni ce Inna Kulu, a nan Bodinga na tsufa ina gyaran amare. Karatuna bai wuce yaƙi da jahilci ba, kuma ni ba mai yawo ba ce. Duk abin da na sani na duniya, cikin ɗakin nan ya zo ya same ni.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda waɗanda ba su sani ba. Idan biki ya rage kamar mako guda, dangin amarya sukan kawo ta ta tare a gidana. Da safe a yi dilka, wato haɗin da ake murza wa fata har ta yi laushi, a bi da kurkum, sannan a lulluɓe ta a kan kaskon turare ta yi gumi. Kitso da ƙunshi su ne na ƙarshe. Dokar ɗaya ce tak: daga ranar da ta shigo, ango ba ya ganinta sai an kai ta ɗakinsa. Angwayen da na kora ba su ƙirguwa. Wani ya taɓa zuwa da ƙunshin tsire wai saƙo ne hannu da hannu, na karɓe na ce ya gai da gida, muka cinye da amaryar muna dariya.

Yarinyar da zan ba ku labarinta sunanta Shafa'atu. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifinta, ita ta riƙe ta. Angon kuwa Mu'azu, mutumin Shagari, mai kai albasa kudu. Kowa ya san suna son juna. Bayan an sa rana ya tafi da kaya, ya daɗe bai dawo ba. A bayansa ne tana taya suyar dubulan a gidan maƙwabta, kaskon ya goce daga murhu, mai ya watso mata. Daga kuncin hagu har wuya har kafaɗa. Ta warke, amma fatar ta tattare, ta ɗan janyo gefen bakinta. Shi kuma a waya aka ce masa hannu ne, kaɗan ne, ya ma warke. Gwaggo ta hana ta irin kiran da ake ganin fuska.

Ranar da aka kawo ta, da na yaye mayafin na ce, "Hajiya Ige, wanga gefen ba ya ɗaukar dilka. Man kaɗe kawai zan shafa."

Ta ce, "Yi abin da kika iya, Kulu. Mu dai don an ce kin iya tsaron ƙofa munka kawo ta."

A nan na gane ba hannuna suka zo nema ba, ƙofata suka zo haya.

Shafa yarinya ce mai shiru, amma ba ta da ƙyuya. Amarya ba ta aiki a gidana, sai in juya in tarar ta tsince mini shinkafa. Muka saba, har tana yi mini tsiya wai turarena ya fi ni tsufa.

Ranar Larabar, ana jibi ɗaurin aure, na kwance mata ƙunshi da hantsi. Ya kama ja wur, gwanin kyau. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce, "Inna, Mu'azu ya dawo jiya. Ina son ki bari shi gane ni."

Na ce, "Ke ɗiyag ga, kin san gidan da kike?"

Ta ce, "Na sani. Shi ne dai bai san wadda za a ɗaura mai ba. Shafar da yas sani ba ita ce wagga ba."

Na ce ta yi haƙuri, kwana biyu ne kawai. Ta ce kwana biyun ne take tsoro, don bayansu ba shi da zaɓi, ita ma ba ta da shi. Ba kuka take ba. Da kuka ta yi, da na lallashe ta na wuce.

Na rasa abin yi, sai na leƙa zaure wurin maigidana. Malam ne, yana karantar da yara, lokacin an tashi. Na faɗa masa. Ya ce, "Hana ganin nan al'adarku ce ta mata, ba laifi gare ta. Amma a ɓoye ma mutum abin da za shi tarar bayan an ɗaure, wannan akwai magana."

Na ce, "To Malam, mi zan yi?"

Ya ce, "Ƙofar taki ce. Sai dai in za ki buɗe, kada ki buɗe a ɓoye."

Na aika aka kira Gwaggo Ige. Ta zo da azahar, ko zama ba ta yi ba. Kada ku ɗauke ta muguwa, don wallahi ba muguwa ba ce. Ta ce, "Kulu, in an ɗaura, ya gane ta, ya yi fushin kwana biyu, shi saba. Kunya ba ta barinai shi saki amarya cikin sati. Amma in yag gane ta yanzu, uwatai za ta ji, dangi su ji, su sa baki. Ni niy yi jinyarta, ni nika kore mata ƙuda. Kin fi ni sonta ne?" Sai ta fashe da kuka.

Maganarta akwai ƙamshin gaskiya. Na ga auren da aka fara da tsami ya dawo ya yi daɗi. Sai muka ji Shafa daga bayan labule: "Gwaggo, ki yafe min. Ba ni son zaman da kunya ce kawai ta riƙe shi."

Gwaggo ta share ido da gefen gyale ta ce, "Ba da yawuna ba." Ta fita.

Ya rage ni. Na dubi yarinyar, na ga ita ce za ta zauna a ɗakin, ba ni ba, ba Gwaggo ba. Na ce ta kira shi.

Bayan la'asar ya iso a babur, ya sha shadda, ƙamshi na tashi. Tun daga waje yake dariya: "Inna, yau wace rana? An ce ko liman bai wuce ƙofarki!" Na ce ya shigo zaure. Malam na zaune a gefe da casbi, ni ina bakin ƙofa. Na ɗage labulen don haske ya shigo sosai, kada a ce duhu ya rufe wani abu.

Shafa ta shigo, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya fara tsokanarta da ƙunshin, wai ya ga an sha ja. Ta sa hannu ta janye mayafin har kafaɗa, ta juyo masa da gefen hagun.

Dariyar ba a take ta ɗauke ba, a hankali ta zube daga fuskarsa. Ya kalla. Ya sunkuyar da kai. Ya sake ɗagowa, amma wannan karon bangon da ke bayanta yake kallo. Can ya ce, "Sannu. Shina ciwo?"

Ta ce, "Ya bari."

Ya ce, "Don mi anka ce min hannu ne?"

Ta ce, "Shi ya sa nik kira ka."

Ya ce ba komai, ƙaddara ce, Allah ya ƙara sauƙi. Duk maganar kirki ya faɗe ta, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma har ya tashi bai ƙara duban fuskarta ba. Da ya fita ya daɗe a kan babur bai tayar ba.

Washegari baffanninsa suka zo daga Shagari, wai a ɗan ɗaga rana, akwai uzuri. An riga an yi cefane, an gayyaci mutane har Lambara. Ɗagawar da aka yi ke nan har yau. Ko shi ya fasa, ko gidansu suka fi ƙarfinsa, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Gwaggo Ige ta zo ta kwashi kayan yarinyar ba ta gaishe ni ba. Gidaje da dama suka daina kawo mini 'ya'yansu, aka ce ƙofar Kulu ta lalace. Wannan bai dame ni ba kamar ganin Shafa tana sa takalmi, ga ƙafafunta jajur da ƙunshin da na yi mata. Kun san lalle ba ya wankuwa don an fasa biki, sai ya gama kwanakinsa. Na riƙe hannunta na ce, "Ɗiyata, anya ban cuce ki ba?"

Ta ce, "A'a Inna. Na ga idonai. Nan nig gane shi, kuma ga ni zan koma gidanmu. Da cikin ɗakinai nig ga wanga kallo, ina za ni?"

Shekaru sun shuɗe, tana nan gidansu, ba ta yi aure ba tukuna. Duk Sallah takan zo ta gaishe ni. Gwaggonta kuwa in mun haɗu wurin suna ko ta'aziyya, sai ta sauya tabarma. Wani lokaci nakan zauna in ce, da an bi tata, wataƙila da yanzu Shafa na goye da ɗa. Wataƙila kuma da tana can tana cin tuwo da mutumin da ke kallon bango. Allah kaɗai ya sani, ni ban sani ba.

To ku 'yan baya, ga abin da zan bar muku. Ban ce ku saki ƙofa ba. Ku kori angwaye, ku ci tsirensu, abin da daɗi, kuma amarya na son a yi marmarinta. Amma labulen nan don murna aka rataye shi, don ya ɗage ya ga abin da ya fi wanda ya sani. Duk ranar da kuka ga dangi sun fi damuwa da ƙofarku a kan hannunku, ku jira su tafi, ku zauna da yarinyar ku biyu, ku tambaye ta ko akwai abin da take so a gani tun ba a shafa fatiha ba. In ta ce akwai, ku saurare ta ko da gari zai zage ku. Mu kwana bakwai muke yi da amarya mu sallame ta. Ita ce za ta kwana da abin da muka rufe.