Waƙar Rumbu

A gidanmu na Kademi kiɗan Turawa guda ɗaya tak muka sani, shi ma sai shekara-shekara. Ranar da aka zuba damin gero na ƙarshe a rumbu, Baba zai yi wanka bayan la'asar, ya sa a shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, ya fito da garmahonsa mai batir da wani ɗan baƙin faifai wanda faɗinsa bai wuce murfin kwanon sha ba. Mu yara sai mu zagaye shi. Inna kuwa ta kwashi tankaɗenta ta koma bakin madafi tana cewa, "To, an tashi aljanun gidan nan." Ba wanda ya san sunan waƙar, don Baba bai yi boko ba, mu kuma ba ya barin mu taɓa faifan. Waƙar rumbu muke ce mata.

Har yau ina iya bin ta tiryan-tiryan a kaina. Jita ɗaya, wato garayar Turawa, ita ce ke farawa, a hankali, tana ɗiga ɗaya-ɗaya kamar indararo bayan an ɗauke ruwa. Sai mai waƙa ya shigo da wata siririyar murya, wallahi ka rantse mace ce, amma Baba ya ce ƙato ne mai gashi har kafaɗa. Can sai wata jita mai kaurin murya ta biyo ta ƙasa, wadda a ƙirji ake jin ta. Daga nan ganguna su faɗo. Su ba irin kalangu ba ne da ke magana, duka kawai suka sani, kuma nan ne kajin gidan ke watsewa. Idan abin ya kai maƙura sai mai waƙar ya yi shiru ya bar wa jitar farko fili, ita kuma ta shiga kuka, ta hau sama, ta sauko, ta sake hawa. Ana cikin wannan sai sautin ya fara raguwa, alhali ba wanda ya daina kiɗa.

A nan Baba ke miƙa hannu ya kama maɓallin ƙarin murya. Sauti na raguwa, yana murɗawa, ya karkata kai har kunnensa ya kusa taɓa lasifikar, ya yi ta bi har maɓallin ya ƙure, ba abin da ya rage sai ƙarar allura. Yayana, da yake shi sarkin sani ne, kullum sai ya ce batir ne ya yi sanyi. Baba ya ce, "Ba batir ba ne, kuma ba ƙarewa ta yi ba. Nisa suka yi."

Sai da na girma ya gaya min inda ya samo faifan. Yana saurayi ya yi aiki a wata masaƙa a Kano, kuma a kan injin da ke kusa da nasa akwai wani mutumin kudu da ke kaɗa jita a otal ranar hutu. Ɗaki ɗaya suka kama. Shi ya koya wa Baba sauraron irin wannan kiɗa da suke kira rok, Baba kuma ya koya masa shan fura. Ranar da aka aiko mahaifiyar mutumin ba lafiya, Baba ya raka shi tasha. Mutumin ya miƙo masa faifan ta tagar mota ya ce, da gurguwar Hausarsa, "Riƙe min. Waƙar nan tana da ƙarshe, sun yanke ne. Idan na dawo ni zan kaɗa maka shi." Bai dawo ba, ba kuma wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa. Da kakanmu ya rasu Baba ya tattaro ya dawo gona, da garmaho a cikin buhu.

Wata shekara, ina makarantar kwana a lokacin, aka yi damina mai nauyi har fumfuna ta kama komai a ɗakuna. Kowa ya san abin da ake yi idan rana ta buɗe: a fito da kaya a shanya. Inna ta fito da katifu da barguna da kayan sallar Baba, ta ga faifan nan ya yi fari-fari, ta goge shi da gefen zaninta, ta ɗora shi a kan kwanon akurkin kaji don ya sha rana sosai. Baba yana kasuwar Gaya. Kafin azahar faifai ya lanƙwashe kamar hular da aka zauna a kai, takardar tsakiyarsa mai ɗauke da suna ta ɓamɓare, akuya ta ƙarasa ta. Jakar faifan ta kwali kuwa tuni gara ta cinye.

Baba ya dawo ya juya faifan a hannu, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Inna ce ta yi kukan, ita da ke ce wa masu waƙar aljanu. Ta danne faifan a ƙarƙashin buhun dawa, ta danne shi da dutsen niƙa, bai miƙe ba. Har ta koma ga Allah, duk ranar da aka rufe rumbu sai ta kasa haɗa ido da Baba. Shi kuma yana nan yana yin wankansa, a shimfiɗa masa tabarma, ya zauna shiru har magariba.

Bara waccan hawan jini ya kayar da shi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta koma kalma ɗaya-biyu da kyar. Likita ya ce mu koma da shi gida mu kula da shi, kuma ni ba yarinya ba ce, na san abin da hakan ke nufi. Ina koyarwa a wata firamare a Gaya, nan nake aure, don haka duk Asabar nake hawa babur in je. Rannan na tarar da shi yana buga katifa da hannun hagu, sannan ya ɗaga hannun ya haɗa babban yatsa da manuni yana murɗa iska. Yayana ya ce carbi yake nema, ya sa masa a hannu. Baba ya ajiye carbin a gefe da ladabi, ya ci gaba da murɗawa. Nan na gane. Na ce, "Baba, waƙar rumbu?" Ya lumshe ido. A ranar na ƙudurta sai ya ji ta kafin ya tafi.

To a ina ake neman waƙar da ba ta da suna? Na fara da masu tura waƙoƙi a waya a bakin tashar Gaya. Ni da girmana, da hijabina har ƙasa, na tsaya ina rera musu kukan jita da hanci. Mai shagon ya riƙe ciki ya ce, "Hajiya, wannan ai waƙar daka ce." Na ce, "Daka a gidanku," na juya na tafi, ina tafe ina share hawaye da takaici.

Daga baya wata abokiyar aikina ta sa min wani abu a waya wanda idan ya ji kiɗa yake faɗin sunansa. Garmahon Baba tsatsa ta gama da shi, amma aka kwatanta min wani tsoho mai gyaran rediyo a bayan kasuwa da ke da irinsa. Muka ɗora lanƙwasasshen faifan. Allura ta dinga hawa tudu tana faɗawa kwari, sautin na fitowa kamar na mai maye, wayar na cewa ba ta gane ba. Muka yi ta maimaitawa har tsohon ya gaji ya koma kan aikinsa ya bar ni. Sai da na sauke allurar can ciki kusa da tsakiya, inda lanƙwasar ba ta yi yawa ba, sannan suna ya fito da hoton wasu samari masu gashi buzu-buzu. Ba zan rubuta sunan a nan ba, mu dai a gidanmu waƙar rumbu ce.

Na karanta labarinsu. Ashe 'ya'yan leburorin masana'antu ne a Ingila, kuma daga faya-fayan baƙaƙen Amurka suka koyi sa jita kuka. Waƙar doguwa suka yi ta a babban faifai. Kamfani ya ce ta yi wa gidajen rediyo tsawo, aka datse ta a tsakiyar kukan jitar, aka rage sautin a hankali don kada a ji wurin yankan, aka buga a ƙaramin faifai. An ce su kansu ba su so hakan ba. Daga baya suka ɓata, kowa ya kama gabansa. Ni dai abu ɗaya na riƙe: mutumin kudu bai yi ƙarya ba, waƙar tana da ƙarshe, kuma ga shi a hannuna. Na sauke duka biyun, gajeriyar da doguwar, ina ta murna kamar wadda aka biya wa Makka.

Asabar ɗin da na je ana shigo da gero, tsakar gida duk ƙaiƙayi. Na sa aka ɗauko Baba aka jingina shi a gindin darbejiya. Na ajiye wayar a kan tabarma na kunna doguwar. Jitar nan na fara ɗiga idonsa ya buɗe tar. Da ganguna suka faɗo ya shiga buga cinya, kajin ma suka watse kamar dā, na yi dariya ina kuka. Da aka zo wurin da ya sani, ya ɗaga hannu ya haɗa yatsu zai bi su.

Amma sautin bai ragu ba. Jitar ta ci gaba, ganguna suka ƙara wuta, mai waƙar ya dawo ya yi wata doguwar ƙara, sannan duk suka buga tare sau ɗaya, dim, suka yi tsit. Hannun Baba na nan a sama.

Ya ce, "Ta ƙare?"

Na ce, "Ta ƙare, Baba. Ƙarshen ke nan, na samo maka."

Ya sauke hannun a hankali. Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi. Bakinsa ya daɗe yana kokawa da maganar kafin ta fito, kuma ita ce magana mafi tsawo da ya yi tun da ya kwanta. Ya ce, "Ba haka muka yi da shi ba."

Ni waƙa na je nema, ban san har lokacin yana jiran mutumin kudu ba. Na ce, "Baba, in sa maka taka?" Ya gyaɗa kai.

Bai kai yankan dawa ba Allah ya karɓi abinsa, kuma ban ƙara kunna doguwar ba. Amma a waccan Asabar ɗin na sa masa gajeriyar, na ɗauke wayar na riƙe a cikin hijabina. Da sautin ya fara raguwa ya ɗaga hannu yana murɗa iska, ni kuma ina danna maɓallin ƙarin murya a ɓoye, daidai da yatsunsa. Ya karkato da kai yana saurare. Na danna har ya ƙure, shi kuwa yana ta murɗawa.