Kokawar da Ba a Yi Ba a Filin Bawa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Bawa, shekara shida da kokawar da ta ɓata masa suna. Ranar ina bakin fili ina sayar da fura. Ga Bawa mai shirya wasan, ga Audu makaɗi, ga 'yan kokawa biyu da aka sayi tikiti dominsu: Garba ɗan Gwashi da Mamman na Anka. Sauran kuwa jama'a ce, cike da filin da aka kewaye da zana a bayan Gummi.

Abu ɗaya Bawa bai bincika ba. Uban Mamman ne ya koya wa Garba kokawa, tun Mamman yana goye. Audu na fara kirari ya ambaci sunan uban, Garba ya durƙusa tsakiyar fili. Ya ce, "Ba ni kai ɗan maigidana ƙasa." Wasan ke nan.

Aka ɗaga wayoyi. Ba durƙuson Garba suka ɗauka ba, Bawa suka ɗauka yana kai da komo, hula a hannu, yana roƙo. Kafin sati har Legas an gan shi, rediyo ma ta ɗauka. A daminar wannan shekarar ruwa ya yanke hanyar Gwashi, ban ji an yi surutun ba.

Ban yi boko ba, amma ina da ido. Wanda ya sayi tikiti gani yake ya sayi ikon zagi. Wanda bai zo ba daɗi yake ji, wai ya fi wayo. Sannan hanyar da ta yanke, in ka gani sai ta nemi ka yi wani abu. Bawa kuwa dariya za ka yi, ka tura wa na gaba.

Da yana raye ya ga yadda ake yi yanzu, na san tausayin wanda ake wa dariya zai ji, ba daɗin an manta nasa ba. Waya ta riƙe hotonsa da hula a hannu. Mu mun riƙe shekarun da ya yi yana tara 'yan kokawa ba a fasa kan kowa ba. Allah Ya jiƙansa.

Ranar kokawar, da aka watse ya ce mani, "Yaya, ba ni ƙara fita garin ga."

Washegari kasuwa ce. Na je ƙofarsa na ce, "Sa hularka." Na sa shi gaba, rumfa rumfa, muna gaisawa. Duk wanda ya fara murmushi na tsaya na dube shi har ya gama.